Ƙiyasin Kalmomi a Hausa: Misalai Daga Ƙira, Saƙa da Gini a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wata hanya ta nazarin ma'anar kalmomi wadda ɗalibai kan ci karo da ita a jarrabawa, amma ba kasafai ake tsayawa a yi musu bayaninta da misalan gida ba. Hanyar kuwa ita ce a jera kalmomi huɗu, biyu-biyu, sa'an nan a ce dangantakar da ke tsakanin biyun farko ita ce ke tsakanin biyun ƙarshe. Alal misali:

(1) masaba : maƙeri :: gizago : masassaƙi

Ana karanta wannan jeri da cewa, matsayin masaba a wurin maƙeri shi ne matsayin gizago a wurin masassaƙi. Idan aka ɓoye kalma ta huɗu aka ce ɗalibi ya nemo ta, to an yi masa tambayar ƙiyasi ke nan.

Mun zaɓi kalmar "ƙiyasi" ne da gangan, muka bar "kamantawa" ga masu nazarin waƙa, domin masaba ba ta yi kama da gizago ba, maƙeri kuma ba lallai ne ya yi kama da masassaƙi ba. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa malaman fiƙihu sun ba ƙiyasi rukunai huɗu, wato asali da reshe da illa da hukunci. Giya haramun ce, illar haramcin kuwa ita ce maye; saboda haka duk abin sha mai sa maye ya ɗauki hukuncinta, ko da launinsa da ƙanshinsa sun yi hannun riga da nata. Abin da illa take a wurin malamin fiƙihu, shi ne dangantaka take a wurin mai nazarin kalmomi. Tunanin ma daɗaɗɗe ne, don tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Aristo, masanin falsafar nan na Girka, ya yi bayanin cewa matsayin tsufa a rayuwa shi ne matsayin maraice a yini.

Misalanmu za su fito ne daga sana'o'in da ake gani a Dutse da ƙasashen Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, sa'an nan mu bi sawun kalmomin har zuwa kayan ƙere-ƙeren zamani. Abin da muke son nunawa shi ne, ba a iya warware ƙiyasi da sanin kalma kawai, sai an san aikin da kalmar ta fito daga cikinsa.

Dangantaka a bakin aiki

Duk wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ko ta Sara gab da faɗuwar damina zai tarar da fartanya da garma da sungumi da gatari a baje, manoma suna ɗagawa suna jinjinawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya haɗin gwiwar mutum biyu ne, maƙeri ya ƙera ruwa, masassaƙi ya sassaƙa ƙota. Daga nan muke samun ƙiyasi mai sauƙi:

(2) ruwa : maƙeri :: ƙota : masassaƙi

Mun ce mai sauƙi, amma ɗalibin da bai san cewa ƙarfen gatari ko na wuƙa ana kiransa "ruwa" ba, zai ɗauka ruwan da maƙeri ke tsoma jan ƙarfe a ciki ake nufi, ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Tun a misali na biyu ke nan an ga inda gizo ke saƙa.

Akwai ƙiyasin da ke haɗa abu da mazauninsa, kamar kube da takobi a gefe guda, kwari da kibiya a ɗaya gefen. Akwai mai haɗa abu da abin da aka yi shi da shi, kamar tabarma da kaba, zana da gamba. Waɗannan ba su da wata wahala, ba kuma za mu daɗe a kansu ba. Inda nazarin yake da daɗi shi ne inda kayan aikin sana'a ɗaya suke da yawa, kowanne da aikinsa, ta yadda cewa "kayan aiki ne" kawai ba ta isa amsa ba.

Mu ɗauki masaƙi. Yana da ƙoshiya da matsefi da allira da kunkuru. Idan aka ce:

(3) allura : maɗinki :: ______ : masaƙi

kowane ɗaya daga cikin huɗun nan kayan aikin masaƙi ne, amma ɗaya ce tak ta dace. Aikin allura shi ne ɗaukar zare ta ratsa da shi, abin da ke yin haka a masaƙa kuwa ƙoshiya ce, wadda ke ɗauke da abawa tana kai da komo tsakanin zaren da aka yi wadarinsa. Da a ce da masaba aka fara jerin, to da amsar ta koma matsefi, domin kamar yadda masaba ke dukan ƙarfe ya haɗu, haka matsefi ke buga abawa ta matsu. Mai shirya tambaya ya wajaba ya san wannan bambanci kafin ya ɗora wa ɗalibi laifi. A ganinmu, duk tambayar ƙiyasin da ta karɓi amsa biyu, aibin na mai tambaya ne.

Haka abin yake ga kalmar "gini". Bahaushe yana gina ɗaki, yana gina tukunya, yana kuma gina rijiya ko rami, kamar yadda karin maganar nan ta ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Saboda haka idan aka ce maƙeri : fartanya :: magini : ______, an bar ƙofa a buɗe. Sai an ƙara haske, an ce tubali : soro :: yumɓu : tukunya, kafin a san wane magini ake magana a kai.

Ƙiyasin da harshe ke yi da kansa

Ba masu jarrabawa kaɗai ke yin ƙiyasi ba. Harshe ma da shi yake tafiya, yaro kuma da shi yake koyon magana. Ɗafa-goshin nan "ma-" shi ne babbar shaida. Da shi Hausa ke fitar da sunan mai aiki, da na wurin aiki, da na abin aiki:

(4) ƙira : maƙeri : maƙera
jima : majemi : majema
rini : marini : marina
saƙa : masaƙi : masaƙa

Mai karatu zai lura cewa a layi biyu na farko wasalin "i" na sunan sana'ar ya koma "e". Dalili shi ne, ba a kan sunan sana'a ake ɗora "ma-" ba, a kan saiwar aikatau ake ɗora shi, wato ƙera da jeme. Wanda ya gane wannan a "maƙeri" ba ya bukatar a koya masa "majemi". Ƙiyasi ya riga ya ba shi.

Sai dai rubutunmu na yau da kullum yana ɓoye wani abu da kunne ke ji, wato karin sauti. Sunan mai aiki yana da karin sama-ƙasa-sama, na wuri da na kayan aiki kuwa sama ne gaba ɗaya. A sashen hatsi na kasuwar Shuwarin, "ma'auni" mai karin sama-ƙasa-sama mutum ne mai awo, "ma'auni" mai karin sama-sama-sama kuwa abin da ake awo da shi ne. Haka nan "ma'auna" tana iya zama jam'in masu awo, tana iya zama wurin da ake awon. "Maƙera" ma haka take, ko mutanen ko rumfarsu. Wannan ya sa ƙiyasi irin su masaƙa : saƙa :: maƙera : ƙira yake da fuska biyu a takarda, alhali a baki fuskarsa ɗaya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun nuna karin sauti, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ma ya nuna; takardar jarrabawa ce ba ta nunawa.

To, amma ƙa'idar "ma-" tana da iyaka, a bakin iyakar nan ne kuma ake gane wanda ya san harshe da wanda ya haddace ƙa'ida. A duba wannan:

(5) saƙa : masaƙi :: kaɗi : ______

Ƙa'ida za ta ce "makaɗi", mace kuma "makaɗiya". Amma duk Bahaushe ya san makaɗi ganga ko kalangu yake riƙe da shi, ba mazari ba. Kiɗa ya riga kaɗi zama a wannan kujera, don haka tsohuwar da ke murza mazari sai dai a ce mata "mai kaɗi". Harshe ya gwammace ya bar gurbi a ƙa'ida da ya haɗa sana'a biyu a suna ɗaya.

Akwai kuma sana'o'in da suka biyo wata hanya dabam. Mai dukanci "baduku" ne, jam'insa "dukawa", tamkar yadda ake cewa Bakano da Kanawa, wato an ɗauke shi kamar ɗan wata al'umma. Mai wanzanci "wanzami" ne. A ƙira, aiki ne ya haifi sunan mai yinsa. A dukanci da wanzanci kuwa sunan mutanen ne ya haifi sunan sana'ar, ta hanyar ɗafa-ƙeyar "-anci". Saboda haka maƙeri : ƙira :: baduku : dukanci ƙiyasi ne ingantacce ta fuskar ma'ana, amma ta fuskar ƙirar kalma ɓangarorin biyu ba hanya ɗaya suka bi ba. Ya kamata ɗalibi ya riƙa tambayar kansa, shin jerin da ke gabana na ma'ana ne ko na siga?

Misalin da ya fi burge mu a nan shi ne na mai gyaran mota. Kalmar ta shigo daga Turanci a matsayin "makaniki". Kunnen Bahaushe ya ji "ma-" a farkonta, ya ɗauka ɗafa-goshin da ya sani ne, alhali a Turanci gaɓar jikin kalmar ce. Da ya cire ta sai ya sami saiwar da babu ita a harshen da aka aro kalmar, ya kuma ɗora ta a kan tsarin dukawa:

(6) baduku : dukawa : dukanci :: bakanike : kanikawa : kanikanci

Babu hukumar da ta zauna ta tsara wannan. Mutanen tasha da gareji ne suka yi shi, kuma ya zauna daram. "Walda" kuwa ba ta samu wannan gata ba; har yanzu "mai walda" ake cewa, kamar "mai kaɗi".

Sabon abu da tsohon suna

Idan baƙon abu ya zo, ɗayan biyu harshe ke yi, ko ya ari sunan da abin ya zo da shi, ko ya duba cikin kayansa ya ga wane ne ke yin irin aikin. Hanya ta biyu ƙiyasi ce tsantsa. Kafin zuwan Turawa "jirgi" na ruwa ne kawai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshen da ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Jiragen sama kuma sun fara sauka a Kano a 1925. Bahaushe bai ga kamar jiki tsakanin kwalekwale da tarago ba. Abin da ya gani shi ne abu mai ciki da ke ɗaukar mutane da kaya ya ratsa da su. Sai ya ce jirgin ƙasa, ya ce jirgin sama. Abin lura shi ne sabon suna ya koma ya taɓa tsohon, domin yanzu tilas a ce "jirgin ruwa" in ana son a bambance. Mutumin Dutse da ya ce zai je filin jirgi, wanda aka buɗe a 2014, ba wanda zai zaci bakin kogi ya nufa.

"Keke" ma ta yi irin wannan yaɗo, ga na hawa, ga na ɗinki, ga na rubutu. "Dutse" kansa, sunan da garin ya samo daga duwatsun da suka kewaye shi, ya ba mu "dutsen niƙa", wanda dutse ne na gaske, ya kuma ba mu "dutsen guga", wanda ƙarfe ne, amma yana da nauyi kuma ana goga shi a kan abu kamar yadda ake yi da ɗan dutsen niƙa. "Linzami", wanda maƙera ke ƙera wa doki, ya ba mu "makami mai linzami", wato wanda ake sarrafa tafiyarsa daga nesa. Jirgi "mai saukar ungulu" kuwa bai ɗauki komai daga ungulu ba sai yadda take dira.

A fagen gini aka fi bin hanyar aro. Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, tun daga lokacin kuma ginin siminti yake ta mamaye filayen da ke ƙasan duwatsu, yayin da tsohuwar unguwar Garu take tuna wa mutum yadda ginin ƙasa yake. Kalmomin sababbin gine-ginen kusan duk na aro ne, amma kowace ta zauna ne a gurbin wata tsohuwa:

(7) tubali : magini :: bulo : birkila
azara : soro :: rodi : rufin kankare
makuba : katangar ƙasa :: filasta : katangar bulo

Layi na biyu da na uku ba sa warwaruwa ga wanda bai san cewa azara tsagin giginya ce da ake shimfiɗawa ta ɗauki nauyin rufi ba, ko bai san makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a yi shafe da ita don kare katanga daga ruwan sama ba. A nan ne damuwarmu take. A da, da azara ake yi wa mutum bayanin rodi. Yanzu da yawa daga cikin ɗaliban da suka tashi a gidajen bulo, da rodi za a yi musu bayanin azara. Ƙiyasin yana nan, amma ya juya baya, sananne ya koma baƙo. Wannan ba abin kuka ba ne muddin malami ya lura, ya yi amfani da jerin ta kowace fuska. Abin kuka shi ne a bar ɓangare ɗaya ya ɓace.

A wasu ƙasashe ma an yi ta ja-in-ja a kan irin waɗannan tambayoyi. Jarrabawar shiga jami'a ta SAT a Amurka ta daɗe tana yin su kafin a cire su a 2005. A 2013 kuma Tomas Mikolov da abokan aikinsa a kamfanin Google suka nuna cewa kwamfuta, in ta karanta rubutu mai ɗimbin yawa, tana iya cike gurbi a jeri irin na namiji da sarki, mace da sarauniya. Amma abin da aka rubuta kawai take sani. Idan ba a rubuta allira da makuba da awartaki cikin jimlolin da ke nuna aikinsu ba, ba ta da inda za ta koye su.

Ƙira da zane

Kalmomi biyu ne suka ɗauki nauyin wannan fage duka a Hausar yau. Ta farko ita ce "ƙira". Daga dukan ƙarfe a maƙera ta miƙe ta zama siffar da aka yi abu a kanta, shi ya sa ake yaba ƙirar jikin doki ko ta ɗan dambe. Daga nan ta zama irin abu da kamfanin da ya yi shi, kamar mota ƙirar Peugeot, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, jama'a kuma suka sa mata Fijo. Ninkin aikatau ɗin ya ba mu "ƙere-ƙere", kunne kuma yana jin amonta a cikin "ƙirƙira". Kishiyar ƙirƙira ita ce kwaikwayo, ƙawarta kuwa "ƙago". Sai dai a yi hattara da dangin wannan ƙawa. Wanda ya ƙago inji an yaba masa, wanda ya rubuta ƙagaggen labari marubuci ne, amma wanda ya yi wa maƙwabcinsa ƙage, sharri ya yi masa. Saiwa ɗaya ce, wato samar da abin da da babu shi, hukuncin ne ya bambanta. (A wuce da batun masu buga takarda da ke mantawa da lanƙwasar "ƙ", su mai da ƙira ta koma kira.)

Ta biyu ita ce "zane", mai dogon wasali a gaɓar farko, wanda ba shi da haɗi da zanen ɗaurawa sai a rubutu. A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Kalmar da muke kiran wannan tsohon aiki da ita, ita ce muke kiran na jikin ƙwarya, da wanda wanzami ke yi a fuska, da wanda ake fitarwa a kan babbar riga kafin a yi mata aska takwas, da kuma wanda injiniya ke yi a takarda kafin a haƙa harsashin gini. Amma biyun ƙarshe sun bambanta da ukun farko. A jikin dutse da ƙwarya da fuska, zanen shi ne aikin, in an gama shi an gama. A riga da gini kuwa zanen jagora ne, aiki yana bayansa, sau da yawa ma mai zane dabam, mai ɗinki dabam. Don haka:

(8) zane : ɗinki :: taswira : gini :: wadari : saƙa

jeri ne na shiri da aiwatarwa, kuma zanen Habude ba ya shiga cikinsa ko da yake sunansu ɗaya. Masu fassara kalmomin kimiyya da fasaha su ne suka fi bukatar wannan bambanci, domin akwai inda "zane" ta isa, akwai inda sai an ce "tsari" ko "fasali", akwai kuma inda ado ake nufi, sai a ce "zayyana", irin wadda ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani.

Mu kanmu masu nazarin harshe ba mu tsira daga maƙera da magina ba. Lokacin da malamanmu suka tashi samar da kalmomin koyar da nahawu da Hausa, aikin da aka tattara a littafin keɓaɓɓun kalmomi na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, sana'o'in nan suka waiwaya. Nazarin yadda ake sarrafa saiwa a lanƙwasa ta, a liƙa mata goshi ko ƙeya, aka kira shi "ƙirar kalma". Nazarin yadda ake jera kalmomi ɗaya bisa ɗaya aka kira shi "ginin jimla", har akan ce da sassanta tubala. Zaɓin ya dace da aikin kowanne, domin maƙeri abu ɗaya yake sa wa wuta ya sauya masa siffa, magini kuwa abubuwa da yawa yake ɗorawa ba tare da ya sauya ko ɗaya ba:

(9) ƙarfe : ƙira :: saiwa : ƙirar kalma
tubali : gini :: kalma : ginin jimla

Masu nazarin adabi kuma da suke maganar "zubi" da "warwarar jigo", na farko yana tuna mana maƙeran fari masu narka tagulla da azurfa su zuba, na biyu kuwa daga hannun masu zare ya fito.